Sakatar Da Na Zura A Idu

Ko da zan manta ranar da aka haife ni, ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen shekara ba, ranar da na tona wa kaina asiri da hannuna a wani sito a Idu, da rana tsaka, a gaban mutanen da ke kirana Farfesa.

Bari in fara gaya muku ko ni wane ne a lokacin, don ku san daga inda na faɗo. Ina aiki a wani kamfanin tayil da kayan banɗaki, ni ne mai kula da shige da ficen kaya a sito. Aiki ne na rufin asiri, ba yabo ba fallasa. Amma da zarar na tashi na ɗauki waya sai in koma wani mutum daban. Muna da wani zaure a waya na masu son finafinan ban tsoro mazauna Abuja, kuma a wannan zauren ni ne gagarabadau. Ba a sako fim ban yi masa sharhi mai tsawon huɗubar Juma'a ba. Kalmar da na fi so a duniya ita ce "wannan ai na yara ne." (Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba shi ne, da rana nake kallon finafinan nan, labule a buɗe, murya a ƙasa, kuma sai na fara karanta labarin gaba ɗaya don in san inda abu zai faɗo. Yanzu kun sani, ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi.)

Abin da ya fi haɗa mu faɗa a zauren shi ne wani jerin finafinan Turawa a kan wani dodo da ke wata tashar haƙar ma'adinai a wata duniya can nesa. Na farkonsa yawancinmu muna yara muka kalle shi a kaset a gidan maƙwabta, kuma shi ne ya sa da yawa daga cikinmu suka koma kwana a bayan iyayensu mata. A cikinsa ba a taɓa nuna dodon gaba ɗaya ba. Numfashinsa kawai ake ji a cikin duhu, sai ƙarar wani abu ana jansa a ƙasa, sai ka ga mutum yana tsaye, an juya an dawo babu shi. Na biyu ma ba laifi. Daga na uku aka fara raina mana hankali, aka yi masa fuska. A na gaba aka yi masa mata da 'ya'ya. Can kuma aka kawo wani likita mai farar riga ya tsaya yana yi mana bayanin asalinsa har da zane a allo, sai ka ce muna ajin kimiyya. A na ƙarshen nan kuwa dodon ya shigo gari da rana yana dambe da wani dodon, mutane na yi masa tafi. Har jakar makarantar yara ake bugawa da hotonsa. Tun daga nan muka daina ce masa dodo, muka raɗa masa Kawu, don ya zama irin tsohon nan na gidan biki da jikoki ke ja wa gemu.

Kowa da nasa ra'ayin a kan abin da ya kashe Kawu. Danladi, wani bakanike ɗan Filato mai gareji a Apo, shi ne abokin hamayyata, don shi bai ma yarda an kashe shi ba.

"Farfesa, abeg ka bar wannan magana," haka yake turo mini da murya, ana jin ƙarar guduma a bayansa. "Na da ɗin ba su da kuɗi ne shi ya sa suna ɓoye shi. Yanzu kana ganin abu koro-koro, har haƙori kana ƙirgawa. Ni in na biya kuɗi na, ina so in ga abin da na biya."

Wata ma'aikaciyar gwamnati da muke kira Anti Laraba kuma ta ce ba Kawu ne ya lalace ba, mu ne muka girma. Ta ce mutumin da mai gida ke buga wa waya a kan haya a garin Abuja, wane dodo ne kuma zai tsorata shi?

Sai Rukayya. Nas ce a wani asibiti a Kubwa, ba ta cika magana a zauren ba, amma in ta yi sai kowa ya yi shiru. Ita ta ce a fim na farko ta san mutanen tashar ɗaya bayan ɗaya, ta san mai mata da mai bashin barci da mai yawan addu'a, shi ya sa in an ɗauke ɗaya take jin ciwo. Ta ce yanzu kuwa ana zubo su ne kamar kajin gidan gona, ko sunansu ba ta riƙewa. Ranar da na karanta wannan na ce lallai na ga matar aure. Daga zaure muka koma waya, daga waya na fara zuwa Kubwa, har na gaisa da mahaifinta. An tsayar da magana cewa da zarar an shiga sabuwar shekara Baffana zai taso daga Zariya ya kawo gaisuwa. Ina son yarinyar nan, so na gaske, kuma na san rabin abin da ya ja hankalinta gare ni shi ne tana ganin ni mutum ne mai dakakkiyar zuciya. Ta taɓa ce mini aikinta ya sa ta gaji da ganin maza suna sumewa saboda allura.

To, a ƙarshen shekarar sai zauren ya yanke shawarar mu haɗu ido da ido, mu kalli na farko da na ƙarshe a jere, mu yi muhawara, a ɗauki bidiyo. Ana neman wuri, ni kuma mai rabon shan duka ba ya jin bari, na ce a zo sitonmu. A wannan lokacin kaya sun ƙare, wurin ya zama fili, ba taga ko ɗaya, in aka ja babbar ƙofa sai ya yi duhu kamar cikin tashar da ke fim ɗin. Na roƙi Oga mai kamfaninmu, wanda ke shirin tafiya gida Kirsimeti, ya ce ba damuwa in dai ba za a fasa komai ba.

Duk makon nan ban da lokacin kowa, ina haɗa hujjoji. Zauren ma'aikatan kamfaninmu ma na toshe masa baki, don sun ishe ni da surutun watanda. Al'adarmu ce duk ƙarshen shekara, Musulmi da Kirista mu haɗu mu sayo dabba a Dei-Dei a yanka a raba. Ni ma ina ciki, amma na ce abin da ya dame ni shi ne ranar rabo, sauran bayani na masu dogon baki ne.

Ranar Asabar na iso da wuri cikin shadda mai sitaci. A bakin get mai gadinmu, Baba Shekwolo, wani dattijon Bagwari, ya tare ni.

"Oga, wannan abu na ciki fa, ka yi hankali da..."

"Na sani, Baba, na sani," na ce ina wucewa, don na hango motar Danladi ta shigo da majigi da lasifika. Ban san komai ba. Na ɗauka tulin fasassun tayil yake nufi.

Mun taru mun kai mutum goma sha wani abu. Aka shimfiɗa tabarmi, aka jera kujerun roba, Anti Laraba ta kawo zoɓo da cincin. Aka ja ƙofa, aka sa na farko. Zan faɗi gaskiya, ban taɓa kallonsa a duhu da babbar lasifika ba sai ranar. Numfashin nan da nake ji a 'yar wayata kamar kukan sauro, ranar sai na ji shi yana fitowa daga bango, yana bi ta ƙarƙashin kujera, yana hawa ƙafata. Na riƙa yin hamma ta ƙarya don a ga abin bai dame ni ba. Sau biyu ma na ji kamar numfashin ya ci gaba bayan an canza wuri a fim ɗin, amma na ce amsa-kuwwar sito ce.

Da aka sa na ƙarshe sai na samu sauƙi, bakina ya dawo. Akwai wani wuri a ciki da wani ma'aikaci ya ji motsin Kawu, ya sheƙa a guje, ya rufo ƙofar ƙarfe ya bar abokiyar aikinsa a ciki tana bugu. Nan na ce a tsayar da fim. Na miƙe, na gyara hula, na tsaya a gaban kyamara.

"Kun ga abin da nake gaya muku?" na ce. "Wannan ba rubutun mai hankali ba ne. Sun rasa yadda za su ba mu tsoro, sai su mayar da mutane dabbobi. Wane namiji ne, wanda uwa ta haifa, zai kulle ƙofa ya bar mace a ciki? Ko a mafarki ba a yin haka. Ni a wurina daga nan fim ɗin ya mutu."

Na ɗan saci kallon Rukayya. Ta yi murmushi ta sunkuyar da kai. Wallahi a wannan lokacin da an auna ni da na fi buhun siminti nauyi saboda girman kai.

Ban kai ga zama ba aka ɗauke wuta.

Aka yi ta tsaki, aka kunna fitilun waya. Danladi ya leƙa waje ya ce wa Baba ya tada janareta, muka ji ta tashi, amma wuta ba ta zo ba, don makunnin da ake juya layi yana can ƙarshen sito na ciki. Sitonmu biyu ne a haɗe, na gaba da muke zaune da na ciki mai tsawo, tsakaninsu ƙofar ƙarfe mai sakata ta waje. Wayata tana jone da majigi, sai na ce ba ma na buƙatar fitila, wurin nan ko ido a rufe na san shi.

"Bari in haska maka," in ji Rukayya, ta miƙe da wayarta.

"Ehen," in ji Danladi, "ku je, amma ku bar ƙofa a buɗe, mu ne 'yan rakiya."

Aka yi dariya. Na zare sakata, muka shiga.

Abu na farko da ya tare ni wari ne, wani irin wari mai ɗumi, mai nauyi, wanda ban san sitona da shi ba. Na ce mata ɓera ne ya mutu. Fitilar wayarta ba ta da ƙarfi, ba ta wuce taku kaɗan a gabanmu ba. Hagu da dama katakan ɗora kaya ne a jibge har sama, ga fasassun masai na tangaran a jere a ƙasa, farare, bakinsu a buɗe. Kullum ina wuce su ban taɓa kula ba, amma ranar sai na ga kamar kallona suke yi. Muna ƙara shiga muryoyin mutanenmu na ƙara nisa, har suka koma kamar rediyon maƙwabta.

Mun wuce rabi sai muka ji shi. Wani abu ana jansa a kan siminti, a hankali, ƙiii, ya tsaya. Ya sake, ƙiii, ya tsaya.

Rukayya ta tsaya cak. "Ka ji?"

"Iska ce," na ce. (A ɗakin da ba shi da taga. Farfesa ke nan.)

Sai numfashi. Jama'a, ba irin na mutum ba, ba irin na kare ba. Dogo ne, daga ƙirji mai faɗi, ana jansa a hankali a sake shi da huci. Kuma ba daga lasifika yake fitowa ba, don babu wuta. Tsikar jikina ta tashi tun daga duga-dugai har ƙeya. Wani ɓangare na ƙwaƙwalwata yana ce mini kai wawa, fim ne, roba ce da kwamfuta, Turawa ne suka ƙera shi. Ɗaya ɓangaren kuma yana cewa to in ba shi ba ne, mene ne? Kuma ai mutane na cewa wuraren nan na Idu kafin a yi gine-gine daji ne, wa ya san abin da aka tarar, wa ya san abin da bai tashi ba?

"Mu koma," in ji Rukayya cikin raɗa. Muryarta na rawa. Ban taɓa jin muryarta ta yi rawa ba.

Ta ɗaga wayar ta haska wajen da ƙarar take. Tsakanin tulin katako biyu, a daidai tsayin ƙirjina, idanu biyu suka haska, kore shar, a ware da juna fiye da yadda idon mutum ke warewa. Babu jiki, babu fuska, duhu ne kawai da idanu. Suka lumshe, suka buɗe. Suka matso.

Na kai hannu, ni a tunanina zan karɓi wayar ne in haska da kyau, amma hannun ba nawa ba ne a lokacin. Na buge wayar, ta faɗi ta kife, duhu ya rufe mu ruf. Na ji Rukayya ta ce "Innalillahi," na ji ta durƙusa tana laluben ƙasa. Na fara Ayatul Kursiyyu, ban san inda na ɓace ba sai na tsinci kaina a tsakiyar addu'ar shiga kasuwa. Ƙarar jan nan ta zagayo ta bayana. Ƙasa na ɗan girgiza da takunsa. Na sandare. Sai iska mai zafi, mai danshi, ta sauka a ƙeyata. Kafin in gama fahimtar wannan, wani abu mai kaushi, jiƙaƙƙe, mai tsawo, ya shafo wuyana tun daga kwalar riga har bayan kunne.

Ban san na iya irin ihun da na yi ba. An ce har masu gadin kamfanin da ke maƙwabtaka da mu sun ji. Na ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Na yi karo da katako, na ture masai, hulata ta tafi, takalmi ɗaya ya tafi, ban tsaya ba. Can na hango ɗan hasken ƙofa, na faɗa ta cikinta kamar an harbo ni. Sannan na juya, na jawo ƙofar ƙarfen nan da hannu biyu, na zura sakata har ƙarshe, na jingina bayana da ita ina haki.

Fitilun waya goma sha wani abu suka haske mini fuska. Kyamara kuma, da yake da batir take aiki, tana nan a kan ƙafafunta tana kallona da jan idonta.

Sai Anti Laraba ta ce, a hankali, "Ina Rukayya?"

Kamar amsa, sai bugu ya fara daga ciki, a daidai bayana, ina jinsa a ƙashin gadon bayana. Tana bugu da tafin hannu tana kiran sunana. Ba Farfesa take cewa ba, sunana na yanka take kira, tana kuka.

Da a ce nan na buɗe, da wataƙila ina da abin faɗa. Da sai in ce ruɗewa ce, hannu ne ya riga hankali. Amma ni ɗin nan, ɗan mutunci, mai shirin aure, sai na ƙara danne ƙofar da bayana, na ware hannuwa, na ce:

"Kada ku buɗe! Yana ciki!"

"Wa yana ciki?" in ji Danladi.

Na ce, "Kawu."

Danladi bai tsaya jayayya ba. Ya kama ni ta kafaɗa ya ajiye gefe kamar tsohuwar taya, ya zare sakata. Rukayya ta fito, mayafinta a hannu, fuskarta sharkaf da hawaye, ƙaurinta na jini inda fasasshen tayil ya yanke ta. Ba ta kalle ni ba. Anti Laraba ta rungume ta. Maza suka ja baya, wani ya ɗauki kujerar roba ya ɗaga sama, Danladi ya haska cikin duhun yana cewa "Jini na Yesu." Muka ji takun na matsowa, da ƙarar jan nan, ƙiii, ƙiii.

Sai wani ƙaton baƙin bijimi ya leƙo da kansa ta ƙofar, yana tuƙa, igiya a wuyansa tana jan guntun katakon da aka ɗaure shi a jiki. Ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya saki kuka mai tsawo, ya miƙa baki ya fara cin cincin ɗin Anti Laraba.

Daidai nan Baba Shekwolo ya shigo da sandarsa yana haki.

"Wa ya buɗe ma saniya ɗin ƙofa? Oga, ba na gaya maka abu yana ciki ba, ka ce ka sani? Na watanda ne. Jiya da dare, bayan ka tashi, aka kawo shi daga Dei-Dei, ta tsinke igiya, ya kusa fita titi, shi ya sa na sa shi ciki. An rubuta ma a waya na ku, kowa ya gani."

Kowa ya gani, ban da mai kula da sito.

Dariyar da aka yi ranar ban taɓa jin irinta ba. Wani ya kwanta a tabarma yana bugun ƙasa. Wanda ya ɗaga kujera, da yake shi ma ya ji tsoro, shi ya fi kowa ƙarfin dariya don a manta da nasa. Danladi ya riƙe ciki yana cewa, "Farfesa, wane namiji ne wanda uwa ta haifa? Ka sake faɗa mana, kyamara yana ɗauka." Ni kuwa ina tsaye da takalmi ɗaya, yawun bijimi na bushewa a wuyana, ina roƙon ƙasa ta tsage in shige. Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Ta zauna a kujera ta ɗaure ƙafarta da gefen mayafi, da hannunta, a natse, irin na wadda ta saba ɗaure na wasu. Na matsa na ce sannu. Ta ce yawwa, kamar yadda ake amsa wa baƙo a layin asibiti. Anti Laraba ta kai ta gida.

In ba wa Danladi haƙƙinsa, shi ya tsaya kai da fata sai da aka goge bidiyon saboda Rukayya. Amma labari ba a goge shi. Ranar Litinin aka yanka bijimin aka yi rabo, abokan aikina, waɗanda Baba ya riga ya ba labari har da kwaikwayon ihu, suka haɗa baki suka ɗora mini harshensa a saman kasona. Suka ce ai mun riga mun saba da juna.

Na kwana biyu ina kiran wayarta ba ta ɗauka, sannan na tuna ai ni na fasa wayar. Na sayi wata na nufi Kubwa. Ta fito ta same ni a ƙofar gida, tana ɗan ɗingishi. Na zuba bayanin da na haddace a mota, har da kimiyya a ciki, yadda jiki ke yi idan ya firgita, yadda ƙwaƙwalwa ke kashe wani sashe. Ta bar ni na gama, ita da ta fi ni sanin wannan.

"Ni ma na ji tsoro," ta ce. "Ban taɓa jin irinsa ba. Kuma da ka gudu ban ga laifinka ba, wallahi, da na ga hanya ni ma gudu zan yi. Na ma biyo ka, ina bin ƙarar takunka, ina cewa alhamdu lillahi ya san hanya. Na kusa ƙofar, ina ganin haske, sai na ga hasken ya rufe. Sai na ji sakata."

Na ce ruɗewa ce.

"Na yarda. Amma na buga, na kira sunanka, kuma ina jin abin da ka ce musu. Ƙofar ba ta da kauri sosai."

Ta ce ba ta riƙe ni a zuciya ba, ta yafe, har ma wani lokacin in ta tuna bijimin takan yi dariya ita kaɗai. Amma ta ce aure zama ne mai tsawo, akwai rashin lafiya a ciki, akwai haihuwa, akwai ranakun da abin da ke cikin duhun ba bijimi ba ne, kuma ita yanzu ta riga ta san gefen ƙofar da za ta tsinci kanta. Ta karɓi wayar don tata ce na fasa, ta yi godiya, ta shiga gida.

A hanyar dawowa na tsaya a gefen titi na kira Baffa na ce a dakata da maganar tafiya. Ya ce subhanallahi, me ya faru, wani abu aka gano a danginsu? Na ce a'a, Baffa, a namu aka gano. Ya yi ta tambaya, na ce zan zo in yi bayani. Har yau ban je ba, don ban san yadda zan dubi dattijo in ce masa naman watanda ne ya raba ni da mata ba.

Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma har yanzu yana yi, ba zan ɓoye ba. Darasin da na samu dai shi ne, kada ka rantse a kan abin da za ka yi a cikin duhu alhali da rana kake kallonsa, labule a buɗe. In ka ga ƙi gudu, sa gudu ne bai zo ba, kuma in ya zo ɗin, ka roƙi Allah ya tsayar da abin a ƙafarka, kada ya kai hannu.

Rukayya ta yi aure bara. Anti Laraba ta ce mini mijin wani malamin makaranta ne, matsoraci na bugawa a jarida, ko tallan fim ɗin fatalwa aka sako sai ya runtse ido. Amma ta ce in ya runtse ɗin, hannun matarsa yake damƙewa, ba ya saki har sai an gama.